Dariyar da ta Bar Ni da Tunani: Waiwaye kan Fim ɗin FVVA

Ina sabon malamin makaranta a Birnin Ƙonni na fara kallon FVVA, fim ɗin da marigayi Mustapha Alassane ya fitar a 1972. Haruffan nan huɗu farkon kalmomin Faransanci ne masu nufin mace, mota, katafaren gida da kuɗi. Labarin Ali ne, ƙaramin ma'aikacin gwamnati da iyayensa suka aura wa matar da bai zaɓa ba. Daga nan buƙatu suka yi masa rubdugu, ga na dangi, ga son burga, har ya sa hannu a dukiyar da ba tasa ba, ya ƙare a gidan kaso. Masu cin arzikinsa suka watse, uwargidansa kaɗai ta tsaya jiran fitowarsa.

Mun sha dariya a daren, amma na koma gida jikina a sanyaye. A watan ne kawuna ya iso daga Illela da jerin buƙatu: kuɗin taki, ragon suna, da roƙon in sama wa ɗansa aiki a masana'antar siminti ta Malbaza, sai ka ce tawa ce. Kunya ta hana ni cewa babu. Na ci bashin da na shekara ina biya.

A ganina, Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, bai ɗauki dangi mugaye ba. Abin da ya nuna shi ne zumuncin da bai tambayar nauyin aljihu. Ya dace ƙungiyoyinmu su haska wa matasa fim ɗin kafin su karɓi albashinsu na farko.