Takardar da Ake Dakawa

A shekarar 2015 Maulidi ya zo mana sau biyu, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba, duka biyun a tsakiyar sanyi. Ga masu yin ado da dakakkiyar takarda irinmu a Abu Na'ama, babu lokacin da ya kai wannan, domin iskar arewa takan busar da aiki cikin kwana biyu. Tun daga nan watan yake ja da baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, har ya faɗa damina, inda tauraron da aka shanya yakan yi fumfuna kafin ya bushe.

A kasuwannin Sinja da Sinnar akan jera arusar Maulidi, 'yar tsanar sukari mai ado da takarda launi-launi. Ba kowane gida ke iya saya wa kowane yaro ba, sai mu koma ga tsofaffin littattafan makaranta. A yayyaga, a jiƙa kwana uku, a daka a turmi har ya yi laushi kamar fura, a matse ruwan da tsumma, a cuɗa da narkakken ƙaron dakwara. Ja daga zoɓo yake fitowa, wanda maƙwabtanmu ke kira karkade, ruwan ɗorawa daga kurkum, shuɗi daga bular wanki. Iyayenmu mata sukan ƙara zaren rama don kada adon ya karye. Abin mamaki, a garin da aka kafa wa rama masana'antar buhuna a shekarun 1970, ba mu san cewa a wasu ƙasashe daga ramar ake yin takardar kanta ba sai da muka girma.

Amma kafin jiƙo akwai aikin da ya fi duka nauyi, wato tantance takarda. Karatunmu da Larabci ne, kuma ɗalibi yakan buɗe shafinsa da Bisimilla. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba ta shiga turmi. Dattijo yakan zauna a tabarma yana duba shafi bayan shafi: na lissafi ya wuce, na darasin addini a ware shi gefe, a ƙone a wuri mai tsarki ko a binne. Jikokin mutanen da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da mahajjatan da suka yada zango a bakin wannan kogi, ba sa wasa da rubutu. Wani lokaci rabin tulin ne kawai ke tsira, yara suna ta ƙunƙuni. A ganinmu dattawan ke da gaskiya, ko da yake wasunsu kan wuce gona da iri, su hana har shafin da aka rubuta Abdullahi. Su ne kuma suka sa muka fi yin jinjirin wata da tauraro da ƙubba, muka bar abu mai fuska.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Sinja a Yunin 2024. Makarantu sun daɗe a rufe, kuma yaron da bai yi rubutu ba ba shi da tsohon littafin da zai bayar. Waɗanda suka tsira da nasu sun ɓoye su, suna bita a kai, babu mai yarda a yaga. Kwalin shayi da na sabulu muke jiƙawa yanzu. Ya fi tauri a turmi, launi ba ya kama shi sosai, kuma dattijo yakan gama duba shi tun shayinsa bai huce ba.