Kamshaf a Japan da a Ƙofar Ruwa

A Kano ba a cire kamshaf sai ya cinye. Inji ya fara ƙara, bakanike ya buɗe ya ga ƙarfen ya lashe, sai a tura yaro Ƙofar Ruwa ya samo na Beljiyam irinsa sak. A nan Japan kuwa, masu motocin tsere lafiyayye suke cirewa, su sa wani mai tsada, don su sauya yadda injin ke numfashi.

Kamshaf sanda ce mai tozaye, kowane tozo na danna bawul ya buɗe, iska ta shiga ko hayaƙi ya fita. Tsayin tozon da faɗinsa su ke yanke nisan buɗewar da daɗewarta. Kamfanoni irin su HKS da Tomei suna ƙera su da lamba, 264 ko 272, wato digiri nawa kiranshaf zai juya bawul na buɗe. Ɗaya daga cikin injinan da ake yawan yi wa wannan hidima shi ne RB26 na Nissan Skyline GT-R, mai tobo biyu, wanda ya fito a 1989 ya kuma lashe duk tsere 29 da ya shiga a gasar Japan daga 1990 zuwa 1993.

Amma babbar lamba ba ita ce gwaninta ba. Akwai ɗan lokacin da bawul ɗin iska da na hayaƙi suke buɗe tare, babbar lamba kuma tana tsawaita shi. A inji marar tobo wannan na taimakawa, hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska. Tobo kuwa tare hanyar hayaƙi yake yi, matsi ya taru a bayansa, in lokacin ya yi tsawo sai hayaƙi ya komo cikin silinda. Ga tsada, ga mota ta yi sanyi a ƙaramin gudu. Shi ya sa masu motocin tseren suke ɗora motar kan na'urar auna ƙarfin inji, su gusa taimin kamshaf ɗin da digiri ɗaya ko biyu, su sake aunawa.

Nan ne abin ke ci mini rai. Na san kanikawa a gida da ke gane ciwon bawul da kunne kawai, tun ba su ɗauki sifana ba. Sai dai kunne ba ya jin bambancin digiri biyu, kuma kuɗin na'urar da ke jinsa ya fi ƙarfin ƙaramin gareji.