Kafin ka ce ordinater ta ƙone, duba akwatin wutarta

 Yau maganarmu kan ordinater ta tebur ce, wadda wasu ke ce wa kwamfuta, irin wadda ke cikin biro-biro, da lakol, da shagunan buga takardu, da gidajen rediyo irin namu. Da zarar zafin Afrilu da Mayu ya kama, kuran ya fara ɗaukewa yana dawowa, kalma guda za ka riƙa ji a bakin mutane: "ta ƙone." Daga nan sai a tura ta lungu ƙura ta rufe ta, ko a sayar wa masu gwangwan da kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Alhali sau da yawa abu guda ne ya mutu a cikinta, sauran duk lafiyarsu lau.

Abin nan shi ne akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo. Ƙaramin akwatin ƙarfe ne mai fanka, a bayan ordinater, daidai inda ake soka igiyar kuran. Wutar da ke fitowa daga bango a ƙasarmu wolt 220 ce, kayan cikin ordinater kuwa ba su iya shan wannan. Aikin akwatin shi ne ya sauke ta zuwa wolt 12, da 5, da 3,3, ya raba wa kowa tasa. Shi ne mai gadin ƙofa, don haka duk dukan da ya shigo daga waje shi ke fara sha. Ga ƙurar hunturu da ke toshe masa fanka, ga zafin da ke wuce digiri 40 yana dafa kayan cikinsa. Ba abin mamaki ba ne in ya riga kowa tafiya.

A gidanmu abin ya faru ne wata Alhamis da la'asar. Kuran ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, duk cikin ƙasa da minti guda. Sai muka ji "tas!" daga ƙarƙashin teburin haɗa shirye-shirye, wari kamar na roba ya tashi. Batirin ondilermu ya riga ya gaji, bai tare komai ba. Ordinater ta yi tsit. A ranar da takarda a hannu na karanta sanarwar rasuwa da cigiyar dabbobi, kiɗan buɗe shiri kuma daga salula muka sako shi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni barci shi ne diski na biyu da ke cikinta. A nan muke ajiye hirarrakin da muka yi da tsofaffi shekara da shekaru. Akwai wata kaka da ta ba mu labarin ambaliyar 1945, wadda ta sa Maradi ta tashi daga bakin Gulbi ta hau tudu, tana yarinya lokacin, ta ga abin da idonta. Akwai manoman da suka ba mu labarin yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Kwafi guda ne muke da shi, domin a ƙaramin gidan rediyo kuɗin diski da kuɗin gazuwal na gurup daga aljihu ɗaya suke fita, kuma kun san wanda ke cin nasara.

Washegari wani ya ce a kai ta kasuwa kawai a sayo wata. Yaron da ke kula mana da na'urori ya dube ni ya ce, "Yaya, dakata tukuna, kar mu yi mata jana'iza da ranta." Na zauna kusa da shi ina kallon yadda ya bi abin daki-daki, kuma shi ne nake son in ba ku, don ko ba ku taɓa da hannunku ba, ku san abin da za ku tambayi mai gyara.

Bai fara da turnabis ba. Ya fara da bango. Ya soka cajin salula a priz ɗin ya ga akwai wuta. Ya cire ralonji da ondiler daga tsakani, ya haɗa ordinater kai tsaye. Ya canza igiyar kuran da ta wata na'ura mai aiki. Ya duba ɗan makunnin da ke bayan akwatin wuta, mai alamar I da O, ya tabbata yana kan I. Ya ce mini rabin kiran da ake yi masa a gari a nan suke ƙarewa, ralonji ce ta narke ko wani ya taɓa makunni lokacin shara.

Akwai kuma wani ɗan jan maɓalli da ke bayan wasu tsofaffin akwatuna, an rubuta 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Ku da ke sayen ordinater ta hannu, ku buɗe kunne a nan. Wadda ta fito daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, domin wutarsu ke nan. Ka soka ta a bangonmu haka, ko daƙiƙa biyu ba za ta yi ba. A mayar da shi kan 230 tun kafin igiya ta taɓa priz.

Da ya ga waje lafiya, sai ya zare igiyar kuran, ya danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, sannan ya buɗe murfin gefe. Ya cire duk igiyoyin da suka fito daga akwatin wuta: babbar mai baki 24 da ke shiga kartimer, wato babban farantin da komai ke zaune a kansa, da ƙaramar mai baki 4 ta kusa da ƙwaƙwalwar na'ura, da na diski. A cikin babbar igiyar akwai koriyar waya guda ɗaya tak. Ya lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda, ya haɗa koriyar da baƙar waya ta kusa da ita, ya mayar da kuran. In akwatin na da rai, fankarsa za ta juya. Tamu ko motsi ba ta yi ba.

Ya ja mini kunne kan abu uku. Na farko, juyawar fanka ba ta isa shaida ba, sai an auna da miltimetir: waya mai ruwan ɗorawa ta ba da wolt 12, ja ta ba da 5, mai ruwan lemu ta ba da 3,3. In ta 12 ta sauka ƙasa da 11,4 ko ta haura 12,6, akwatin ba abin yarda ba ne. Na biyu, yawancin ƙananan ordinatocin biro na HP da Dell suna da irin nasu bakin igiya, mai baki 6 ko 8, wannan gwajin bai shafe su ba, kuma akwatin da za a sa musu sai irin nasu. Na uku, wanda ya fi muhimmanci: kada wanda ba gwani ba ya kwance akwatin wutar kansa. Akwai kondansater a ciki masu riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare igiya, suna iya yi wa mutum mummunan lahani.

Muka samo wani akwatin na hannu, jikka 15 bayan ciniki. An nuna mana sabo fil wanda bai kai wannan kuɗin ba, ga lambobin wat manya-manya a jikinsa, amma da yaron ya ɗaga shi ya ji ba nauyi, ya ajiye. Ya ce araha ba ta ado, akwatin kirki da nauyinsa ake fara gane shi.

Aka ɗaura, aka danna. Fanka ta yi ɗan motsi ta tsaya. Aka sake, haka dai. Kai, jama'a, a nan gabana ya faɗi. A daidai wannan wurin ne masu gaggawa ke yanke hukunci su ce kartimer ta tafi. Shi kuwa yaron cewa ya yi wannan alamar na nufin akwatin yana kare kansa ne, akwai abin da ke haɗa wuta a wani wuri. Ya cire diski biyun, da na'urar faifai, da duk abin da ke bakin USB, ya bar baret ɗin RAM guda ɗaya. Ya danna. Fanka ta tashi, ta yi ƙara "tit" sau ɗaya, rubutu ya fito a ekaran. Kartimer na nan da ranta.

Daga nan sai ya riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, kowane sai ya kashe ya zare igiya tukuna. Baret na biyu, lafiya. Diskin da ke ɗauke da Windows, lafiya. Da ya soka diski na biyu, na muryoyin tsofaffinmu, fanka ta sake yin motsin nan ta tsaya. An kama ɓarawo, sai dai ɓarawon shi ne ɗan gida.

Ya juya diskin, ya kwance ɗan koren farantin da ke cikinsa, ya auna kusa da bakin wuta. Akwai wasu ƙananan diyod na kariya a wurin, ɗaya ta layin 12, ɗaya ta layin 5. In wuta ta yi yawa sai diyod ɗin ta haɗe, ta ba da ranta don sauran su tsira. Ta layin 12 ce ta haɗe. Muka kai wa wani mai gyaran salula, domin su ne ke da siririn ƙarfen walda da hannun da ba ya rawa. Ya cire ta cikin minti biyar. Diski ya tashi, amma yanzu ba shi da kariya ko kaɗan, don haka ba mu yi wasa ba. Muka ari wani diski, muka kwana muna kwashewa a kan gurup. Da asuba na sa abin ji a kunne, na buɗe hirar kakar nan, na ji tana gyara murya kafin ta fara magana. Alhamdu lillahi. Shirin da ake haɗawa a ranar Alhamis ɗin kaɗai ya salwanta.

Ku lura, sa'a muka yi aka tsaya a diyod. Diskin da ke yin ƙas-ƙas in an kunna shi, wannan ciwon ciki ne, kuma duk kunnawa ƙara masa rauni take yi. A kashe shi a nemi gwani.

To, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In kuran ya fara wasa, a kashe ordinater a zare igiya daga bango, kuma in ya dawo a ba shi ƴan mintuna ya daidaita. Haka in hadari ya taso da tsawa. In gurup ake tayarwa, a bari ya zauna da ƙafarsa kafin a kunna na'ura. Mai ondiler ya san batirin ciki ba ya dawwama, shekara biyu zuwa uku yake yi, a zafinmu ma ba lalle ya kai ba. Gwada shi abu ne mai sauƙi: a ajiye aiki, a zare shi daga bango, a ga ko zai riƙe. A ɗaga ordinater daga ƙasa, a busa mata ƙura bayan hunturu. In kuma bayan gyara kun ga kwanan wata ya koma baya, ƴar pil ce mai kamar kwabo a kan kartimer, CR2032, canza ta ba wuya.

Akwatin wuta ana sayen wani. Abin da ba a saye shi ne abin da ke cikin diski: lissafin shago, sunayen ɗalibai da makinsu, takardun fili, hotunan biki, muryar mahaifiya. Mai shagon buga takardu, darektan lakol, sakataren ƙungiyar manoma, ku tambayi kanku yau: in ta yi "tas" gobe, ina kwafi na biyu yake? Ko a kile USB ne a kwafa, a ajiye a wani ɗaki daban, ba a bar shi soke a jikin na'urar ba.

Allah ya kare mana dukiyoyinmu, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.