Tsamiya Ba Ta Girma A Dare Ɗaya

Duk ɗan da aka haifa, in Allah ya ja kwanansa, zai yi tsawo, ya yi gemu, har ya yi furfura, ba tare da ya nema ba. Amma akwai wani girman da shekaru ba sa bayarwa, wato girman zuciya a gaban Mahalicci. Mu da muka tashi a ikilisiyoyin Maiduguri, wannan shi ne abin da dattawanmu ke kira girma cikin ruhu, kuma a kansa ne muke so mu tofa albarkacin bakinmu.

Ranar 17 ga Maris, 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga nan ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro, wadda da yawa daga cikinmu, Bura da Margi da Kibaku, muka gada daga kakanni. Harsunanmu daban-daban ne, amma Hausa ta haɗa mu, musamman tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Da ita muka haddace ayoyi a makarantar Lahadi, da ita muka amsa tambayoyin ajin baftisma, da ita kuma iyayenmu na Zumuntar Mata ke rera waƙa da kiɗan tulu. Duk wannan nono ne. Manzo Bulus da kansa ya kamanta sabon mai bi da jaririn da bai isa cin abinci mai tauri ba. To, nono abu ne mai kyau, sai dai ba wanda ke tsufa a kansa.

Abinci mai taurin kuwa ya iske mu har gida. Ranar 18 ga Fabrairu, 2006, zanga-zangar da aka yi kan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Denmak ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona majami'u, aka rasa rayuka. A watan Yuli na 2009, rikicin Boko Haram ya cinye majami'armu ta Wulari. A Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan ikilisiyarmu ne, kafin shekarar ta ƙare kuma hedikwatarmu da ke Kwarhi ta faɗa hannun maharan. Harabar majami'u ta cika da 'yan gudun hijira daga Gwoza da kewaye.

A nan ne aka auna mu. Gafara kalma ce mai sauƙi a bakin mai wa'azi, amma a bakin wadda aka mayar gwauruwa da rana tsaka nauyinta ya fi dutsen niƙa. Akwai masu cewa rama cuta ga macuci ibada ne, kuma zuciya ma abin da take raɗa wa mutum ke nan idan dare ya yi. Ikilisiyarmu kuwa tun asalinta ta salama ce, koyarwarta ita ce kada a rama mugunta da mugunta. Ba wai gafara na nufin mantuwa ba ne, ko a daina neman adalci. Abin da take nufi shi ne mutum ya hana wanda ya ƙona masa gida ya ƙona masa zuciya kuma.

Alama ta biyu ta wanda ya girma ita ce ya iya ganin hawayen da ba nasa ba. Wutar da ta ci majami'u ta ci masallatai, ta ci kasuwanni, ta ci malamai da limamai. Mai ƙuruciyar bangaskiya kan ɗora laifin a kan maƙwabcinsa Musulmi, wanda ya girma kuwa takalmi yake sawa ya je masa ta'aziyya, domin zumunta a ƙafa take. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwan da ya mamaye gari bai tambayi kowa addininsa ba. Don me mai miƙa hannu zai tambaya? Wannan ne ma darasin da ke cikin al'adarmu ta wankin ƙafafu, inda dattijo kan durƙusa gaban ƙwarya ya wanke ƙafar wanda bai kai shi ba.

Saboda haka ba da shekarun baftisma muke auna girma ba, ba kuma da ƙarfin murya wajen addu'a ba. Tsamiya a hankali take girma, saiwarta na nutsewa inda ido ba ya gani, shi ya sa take jure farin da ke kashe gamba. In ta kawo ƙarfi kuwa, ba ta zaɓen wanda zai zauna a inuwarta. Allah ya ba mu irin wannan girma, ya kuma zaunar da Borno lafiya, amin.