Dalilin Da Ya Sa Zan Koyi Gyaran Magana

Ƙanena mai i'ina ne. Tun yana firamare yara ke kwaikwayonsa, har ya daina ɗaga hannu a aji ko ya san amsa. Mu kuwa a gida sai tsawa, "Buɗe baki ka yi magana mana!" Ashe nauyi muke ƙara masa.

Daga baya na ji gyaran magana ilmi ne mai zaman kansa. A Amurka sai mutum ya yi digiri na biyu, ya cika awa 400 na horo a gaban malami. Ni kuwa na haddace gaɓoɓin furuci don jarrabawa, ban amfani ƙanena da kome ba.

'Yan'uwa ɗalibai, wannan karatu na dosa. Allah ya ba da sa'a.