Tumatirin da na sa Gwaggo ta shuka a gwangwani

Wanda ya tashi tsakanin Isa da Sabon Birni bai saba jin zancen shuka tumatir a tukunya ba. Nan ne ruwan Bunsuru da na Gagare da Gulbin Maraɗi ke gangarowa su ciyar da Rima, kuma fadamar da suke bari ita ke riƙe da mutanen Gobir tun Alƙalawa na birni, kafin ta faɗi a 1808. Damina na ɗaukewa kowa ya nufi lambu: albasa, tattasai, tumatir. Tsoro ne ya dawo da tumatir tsakar gida. Bayan harin watan Mayun 2020 da ya ci rayuka sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, mutane da yawa suka bar gonakinsu, wasu suka tsallaka Gidan Rumji a Nijar, wasu suka cunkushe a cikin gari.

Gwaggona na cikin waɗanda suka shigo gari. Matar da ta saba yanka tumatir ta shanya kauɗa har ta kai ta wata shekara, sai ga ta tana sayen kashi ɗaya don miyar dare. Abin ya tsaya mini a rai. Da damina ta 2021 ta zo ƙarshe na sayo mata irin Roma daga Sakkwato. Mai sayarwa ya ce gajere ne, ba ya yaɗo, ba sai an kafa masa sanda mai tsawo ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ni ne na ɗora nawa lissafin a kai: tunda gajere ne, ƙaramin mazubi ya ishe shi. Na bi maƙwabta na tattaro gwangwanayen madarar gari da ƙananan robobi, mafi girmansu bai wuce lita 2 ba, na huda gindinsu, na jera su a jikin katanga. Ina ta murna da yawansu.

Gwaggo ta dube su ta ce, "Anya, ɗana, wanga wuri ya ishe shi?" Na ce mata wannan irin zamani ne, ba irin na fadama ba. Ta yi shiru. Ta yi noman rani tun ba a haife ni ba, amma kara ta hana ta musa wa ɗan da ya yi boko, ni kuma na ɗauki shirunta a matsayin yarda. Na koma Sakkwato. A watan Satumban shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, amma ba zan fake da wannan ba, domin ko da waya na aiki, amsar da zan ba ta ita ce ta ƙara ruwa.

Ruwan kuwa ta ƙara. Da farko shukar ta yi kyau, ganye shar. Da ta fara fure sai ta riƙa yin laushi kafin azahar, ta farfaɗo da yamma, gobe ta sake. Fure ya dinga zuba. 'Ya'yan da suka samu suka ƙulla, gindinsu ya yi baƙi ya lotsa tun ba su nuna ba. Gidan da take zaune ba rijiya, daga 'yan garuwa take saye, kuma kuɗin da ya kamata ya tafi ga cefane ya tafi ga gwangwanayena. Da na zo ta ce, "Wanga tumatur shina kwana da ƙishirwa, shina tashi da ita." Na kife gwangwani ɗaya a tafin hannuna. Saiwa ta naɗe kanta kamar gammo, ta cinye wurin, ƙasar da ta rage ba ta cika hannu ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Gajartar Roma da ire-irensa, irin su UC82B, a sama take: reshe yana tsayawa da tsawo da zarar ya ɗaure fure a kansa, sai ya zuba 'ya'yansa kusan lokaci guda. Wannan kuwa nauyi ne babba a kan saiwa, don a 'yan makonnin nan ne shukar ke neman ruwa fiye da kowane lokaci. Tushe ɗaya da ya ɗauki 'ya'ya yana iya shanye lita ɗaya zuwa biyu a yini idan rana ta buɗe. Mazubin lita 2, da ƙasa da saiwa a ciki, ina zai ajiye wannan ruwa? Abin da aka zuba da safe rabinsa ya tsiyaye, sauran ya ƙare kafin rana ta take. Baƙin gindin nan ma ba cuta ba ce da za a yi wa feshi. Sinadarin kalsiyam ne ba ya isa ƙarshen ɗan tumatir, saboda a cikin ruwa yake tafiya, kuma ƙasar da ke jiƙewa ta bushe kullum ba ta kai shi. Ga ƙarfen gwangwani da ke ɗaukar zafi ya gasa saiwar da ta manne a jikinsa.

Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin iri da Turawa ke sa wa a bakin taga, waɗanda ƙaramin mazubi ke isa, amma ba su ake sayar mana a kasuwa ba. Namu yana son lita 15 zuwa 20, zurfi aƙalla santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta, kuma tushe ɗaya a mazubi ɗaya. Ba sai an sayi komai ba. Bokitin fenti na lita 20 ya yi. Jarkar man girki ta lita 25, a yanke samanta a wanke ta sosai, ta fi shi. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa shi ma yana yi, kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinsa. Tsohuwar randa da ta tsage tana sanyaya saiwa, sai dai tana saurin bushewa. Baƙar roba ce abar gudu a ranarmu, in kuwa ita kaɗai ke akwai, a lulluɓe ta da buhu.

Ƙasar ma da na zuba kuskure ce. Lakar fadama zalla na ɗebo, wadda a mazubi take ƙanƙamewa ta tsage, ruwa ya bi gefe ya fice. Ana cakuɗa ta da rairayi da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe, a rufe sama da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. A rena iri a ƙaramin abu, gwangwanin ma ya yi wannan aikin, amma da ya yi ganye huɗu ko biyar a dasa shi a babba. A kuma yi da wuri, cikin Oktoba ko Nuwamba, ya ƙulla da sanyin hunturu, don daga Maris zafinmu kan haura digiri 40, fure kuwa ba ya tsayawa a irin wannan zafi ko da mazubin ya kai ganga.

Na roƙi Gwaggo gafara, na biya abin da ta kashe a ruwa, amma hunturun ya riga ya wuce mata. Shekarar da ta biyo ita ta zaɓi mazubanta: 'yan jarkoki kaɗan a gabashin katanga, inda inuwa ke rufe su bayan azahar. Ruwan da suka sha bai kai na da ba, kuma sun ba ta miya har ta ba maƙwabta.

Masu raba iri ga 'yan gudun hijira a Isa da Sabon Birni, don Allah ku riƙa haɗawa da jarka ko buhu, ku tambayi inda matar za ta samo ruwa, sannan ku saurari abin da za ta ce kafin ku gaya mata yadda za ta yi.