Bokaye da Fatalwa Cikin Wasannin Shakisfiya

Duk wanda ya yi karatun allo kafin ya shiga Midil, in aka sa masa wasan Makbes a hannu, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne bokaye. Mun taso muna jin ana cewa Turawa ba ruwansu da tsafi, su dai lissafi da injuna. Sai ga babban mawallafinsu, Wiliyam Shakisfiya, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ya buɗe wasansa da waɗansu mata uku matsafa suna ganawa cikin tsawa da walƙiya. To, gobe mu ne za mu tsaya gaban yara da wannan littafi, kuma lalle wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe boka ya san gaibu?" Ya kamata mu shirya amsa tun yau, gama amsar da muka ba shi za ta bi shi har gida.

Da farko sai mu san zamanin da aka rubuta wasan, watau wajen 1606. Sarkin Ingila na lokacin, Jemis na Ɗaya, mutumin Sikotlan ne, ya kuwa yarda da sihiri ƙwarai. A 1590 ya zauna da kansa wajen tuhumar waɗansu da aka ce sun tayar wa jirginsa da hadari a teku, a 1597 ya wallafa littafi a kan shaiɗanu da matsafa, a 1604 kuma majalisarsa ta tsananta dokar kashe mai sihiri. Saboda haka mutanen da suka taru kallon wasan a Landan ba su ɗauki matan nan uku abin dariya ba. Yadda gabanmu zai faɗi in aka ambaci maye da dare, haka nasu ya faɗi.

Amma mu duba abin da matan suka aikata. Sun tare Makbes da abokinsa Banko suna komowa daga yaƙi, suka gaishe shi da sarautar Kawdo, suka ce kuma zai zama sarki. Banko kuwa suka ce ba zai yi sarauta ba, amma zuriyarsa za ta yi. Ba a jima ba manzanni suka iso da albishirin Kawdo, Makbes ya gaskata su sarai. Mu da muka karanta wasan daga farko mun san Sarki Dankan ya riga ya ba da sarautar nan tun kafin matan su buɗe baki. Ashe ba gaibu suka faɗa ba, labari ne da bai iso kunnen mai shi ba tukuna. Haka malamanmu na zaure suka koya mana game da boka: ya kan riƙe gaskiya ɗaya ya sayar da ƙarya ɗari a bayanta.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Ko'ina cikin wasan babu inda matan suka ce wa Makbes ya kashe kowa. Kisan daga zuciyarsa ya fito, matarsa ta hura wutar, har ya yanka sarkinsa, ɗan'uwansa, baƙonsa, yana barci a ƙarƙashin rufin gidansa. Banko ya ji magana irin wadda Makbes ya ji, a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, bai zare wuƙa ba. Ruwa ɗaya ya sauka a gonaki biyu, kowace ta fid da irin da ke binne cikinta. Wannan ya yi daidai da abin da muka sani tun muna ƙanana, cewa Shaiɗan waswasi kaɗai ya iya, ba shi da ikon kama hannun mutum ya kai shi ga saɓo.

Shakisfiya ya ɗauko labarin daga littafin tarihi na Holinshed, ya kuwa sāke abubuwa da gangan. Makbes na gaskiya ya kashe Dankan a fagen fama ne a 1040, ya yi mulki shekara 17 har 1057. A wurin Holinshed, Banko yana cikin makircin. Mawallafin ya wanke shi, ana cewa domin Sarki Jemis yana ƙirga kansa cikin jikokin Banko. Ko mene ne dalilin, wankewar ta ba mu mutum biyu da za mu auna, ɗaya ya riƙe amana, ɗaya ya ci.

Fatalwa ma haka ta ke. Sa'ad da Makbes ya sa aka kashe Banko, fatalwarsa ta zo ta zauna a kujerar sarki wajen liyafa, amma duk cikin fādawa ba wanda ya gan ta sai mai laifin. Matarsa kuma ta shiga yawo cikin barci tana wanke hannu daga jinin da ba kowa ke gani ba, har likita ya rasa magani. Cikin wasan Yuliyus Kaisar, wanda aka yi a 1599, fatalwar Kaisar ta zo wa Burutus cikin alfarwarsa da dare kafin yaƙin Filifi. Alhaki ne mawallafin ya sa wa riga domin masu kallo su gan shi da ido. Alhaki kuwa kwikwiyo ne, mai shi ya ke bi.

Ba dukan mutanen dā suka tafi a kan wannan hanya ba. Sofokilis Bayunane, wanda ya yi zamani fiye da shekara 400 kafin Annabi Isa, ya rubuta wasan Sarki Udibus. An faɗa masa a wurin duba na Dalfi zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Ya gudu daga garin da ya girma don ya tsere wa abin, gudun nan kuwa shi ya kai shi ga aikata shi cikin rashin sani. A nan duba ya zama tarko wanda ba shi da ƙofa. Tausayin Udibus mu ke ji, Makbes kuwa muna ganin laifinsa, domin da saninsa ya yi.

Mu ma muna da namu. Cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai masunci da ifiritun da ya fito daga tulu, cikin Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, waɗanda aka buga a 1934, akwai aljanu da ƙasashensu. Yawancin aljanun nan aikinsu taimako ne ko tsoratarwa, su ɗauki jarumi su kai shi inda ƙafa ba ta zuwa, labari ya yi daɗi. Yaron da ya saba da su ba zai sha wuyar Makbes ba, in dai malami ya nuna masa bambancin: aljanin tatsuniya yana ɗauke wa mutum wahala, bokayen Makbes kuwa ba su ɗauke masa ko ƙwayar zarra ta alhaki ba.

Hatsari biyu ne ke gabanmu a aji. In muka ce duk shirme ne muka tsallake, yaro zai ga mun raina abin da a ke magana a kansa kullum a gidansu, ya daina kawo mana tambaya. In kuwa muka bar shi ya tafi da cewa bokaye sun faɗa, dole ta auku, mun koya masa ya riƙa jingina laifinsa ga ƙaddara da sammu. Irin wannan yaro shi ne gobe zai zama magatakarda ko alƙali, ya ci amana, ya ce asiri aka yi masa.

Abin da ya fi, mu kai shi ƙarshen wasan. Matan sun tabbatar wa Makbes ba wanda mace ta haifa da zai cuce shi, ba kuwa za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Birnam ya taso zuwa tudun Dansinen. Ya saki jiki. Sai mayaƙa suka sassari rassan dajin suka rufe kansu da su suna tafe, Makdaf kuma, wanda ya sare kansa, ashe tsaga cikin uwarsa aka yi aka fid da shi. Maganar da ya dogara gare ta ita ta kashe shi. In yaro ya kai nan, sai mu mayar masa da tambayarsa, mu ce, "To, kai me ka gani boka ya sani, me kuma Makbes ya yi da hannunsa?" Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a danƙa mana, amin.